Maɓallin Taimako

Ranar da aka fara sa wa maigidana safar hannun nan, ni na rage ta. An yi ta ne don hannun mai ƙoshin lafiya, shi kuwa hannunsa na hagu ya rame tun bayan ciwon, sai ta riƙa zamewa. Yarinyar da mutanen jami'a suke kira Injiniya ta tsaya tana jujjuya ta, tana shawarar manne ta da salatif. Na ce ta kawo. Ni tela ce, allura da zare ba sa barin jakata. Na kama ta a wuyan hannu, na bi a hankali don kada in soki siraran wayoyin da ke kwance a bayan kowane yatsa, na mayar masa ta zauna daram.

Maigidana fiyano yake bugawa tun kafin in san shi. A otal ya buga, a gidan rediyo ya buga, a ɗakin ɗaukar waƙoƙi ya buga, har abokan aikinsa suka manta sunansa na yanka suna ce masa Yatsu. Ni kuma Rediyo yake ce mini, wai tun da ya aure ni bai gano inda ake kashe ni ba. Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta zo ta ɗauke masa hannun dama gaba ɗaya, ta bar masa na hagu yana rawa, ta kuma ɗaure masa harshe. Kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Rediyon da yake yi wa tsiya ita ta zama bakinsa: ya faro, in ƙarasa.

Matar da ke motsa masa jiki a asibiti ce ta haɗa mu da mutanen jami'a. Ta ce suna wani bincike a kan yadda masu lalurar jiki za su yi kiɗa da na'ura, kuma suna neman wanda ya san kiɗa. Ɗakinsu yana can ƙarshen wani dogon baranda, an lulluɓe bangonsa da soso mai tudu da kwari irin na kiret ɗin ƙwai, ga lasifika a kowace kusurwa, ga wayoyi a ƙasa kamar an zubar da kayan ɗinki. A bakin ƙofar akwai dandamali wanda keken guragu ba ya hawa. Masu binciken nakasa ke nan. Sai da suka ciro murfin wani tsohon tebur suka jingina muka samu shiga, kuma murfin nan shi ya zama hanyarmu har aka gama.

Shugabansu malamin kiɗa ne mai furfura a gemu, kowa Dakta yake ce masa. Mutumin kirki ne, amma kunnensa daban yake da na sauran bayin Allah. Yakan ɗauki ƙarar ƙyauren da ya yi tsatsa ko ɗigon famfo ya saka mana, ya lumshe ido kamar yana shan zuma. Ya yi mana bayani cewa su ba su zo gyara kowa ba. Kowane jiki, in ji shi, da irin kiɗan da ke cikinsa, kuma a ƙarshe za a tara jama'a su ji, don su daina kallon mai nakasa a matsayin abin tausayi. Magana ta yi kyau. Sai dai duk tsawon bayanin ni yake kallo, da ya gama kuma ni ya tambaya ko Malam ya amince.

Yadda safar take aiki ba wuya. In ya lanƙwasa yatsa sauti ya fito, in ya ɗaga hannu ya yi sama, in ya sauke ya yi ƙasa. Wuyar tana wajen hannun. Hannun da ke rawa duk rawarsa sai ta fito a lasifika, ba abin da na'ura take ɓoyewa. Abin da muka ji a makonnin farko ban san sunan da zan ba shi ba: ƙugi, tsuwa, wani abu kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti. Dakta yana ta murna yana cewa a ɗauka, a ɗauka. Yatsu kuwa jijiyar wuyansa ta tashi, yana bin sauti ɗaya yana kuɓuce masa. Ni kunya nake ji, ba zan ɓoye ba. Mutumin da in ya zauna gaban fiyano masu cin abinci suke ajiye cokali, yau shi ne ke wannan.

Injiniya ta ga fuskata. Yarinya ce mai taushin zuciya, sa'ar 'yarmu ta fari, ba ta iya ganin mutum yana wahala ta kau da kai. Ta tambaye ni ko muna da kiɗansa na da, don na'urar ta san irin abin da kunnensa yake so. Muna da shi mana. Na kwaso mata kaset da faifai cike da jaka, ta zuba wa kwamfutarta su duka. Bayan 'yan makonni ta nuna mana wani ɗan maɓalli da ake murɗawa a gefen akwatin da ke kan teburinta, ta liƙa masa takarda ta rubuta "taimako". Ta ce in aka murɗa shi, na'urar za ta lura da inda hannun ya nufa, ta share rawar, ta ƙarasa masa abin da ya faro.

Ta murɗa shi kaɗan, ya ɗaga hannu. Wallahi kiɗansa na da ne ya fito. Shi ne. Yana da wata ɗabi'a in yana bugawa, yakan ja wa sautin ƙarshe rai, sai ka ɗauka ya manta da shi sannan ya sake shi. Ga ta nan ta fito a ɗakin soson nan, ba ta canja ba. Na yi kuka har mayafina ya jiƙe, Injiniya ma ta taya ni. Dakta ya ɗan ɓata fuska, don shi tsuwar ta fi yi masa, amma da ya ga mata biyu suna kuka sai ya ce to, wannan ma sakamako ne. Yatsu ya yi murmushi da ɓarin bakinsa mai motsi. A ranar dai ya yi murmushi.

Daga nan maɓallin ya riƙa hawa. Ba wanda ya zauna ya yanke shawara. In hannun ya gaji, Injiniya ta dube ni, in gyaɗa kai, ta ƙara. Haka aikinmu ya saba tafiya: a tambaye ni ko ya gaji, a tambaye ni ko yana son ruwa, a tambaye ni ko a ƙara, yana zaune a tsakiyarmu. Ni kuwa bakina ya buɗe. Na gaya wa yayarsa, na gaya wa 'ya'yanmu, na gaya wa masu kawo mini ɗinki. Na kira tsohon abokinsa mai jita, wanda ya daina zuwa gidanmu saboda ba ya iya kallonsa a keke, na ce ya shirya, Yatsu ya dawo. Murna ta rufe mini ido ban lura shi mai kiɗan ya daina murmushi ba.

Saura kwanaki kaɗan a yi taron, muna tsakiyar gwaji, kiɗa yana zuba kamar ruwa, sai Yatsu ya tsaya. Ya kai hannun bakinsa ya kama bakin safar da haƙori yana ja. Na ɗauka tana matse shi ne, na matso in gyara. Ya turo mini ita.

"Sa," ya ce.

Na yi dariya na ce ni da ko tafi ba na iya yi daidai, me zan yi da ita? Ya maimaita, idonsa a kaina, ba alamar wasa. Injiniya ta fara cewa ai an daidaita ta da hannunsa ne, ya ɗaga mata yatsa ta yi shiru. Na zura hannuna, da ƙyar ta shiga saboda ragin da na yi mata. Ban san abin da zan yi ba, sai na yi abin da hannuna ya saba, na motsa shi kamar ina shimfiɗa yadi a kan tebur.

Kiɗansa ya fito. Na karkaɗa hannu kamar ina korar ƙuda, kiɗansa ya fito. Har jan ran nan na sautin ƙarshe, daga hannuna, ni da ban san farin maɓallin fiyano da baƙi ba sai a launi. Na sauke hannun a hankali. 

Ya daɗe yana haɗa kalmomin. Na buɗe baki in taimaka masa kamar kullum, ya harare ni na rufe.

"Wancan... ya mutu," ya ce. Ya nuna ƙirjinsa. "Ni... ina nan."

Injiniya ta fashe da kuka tana ba shi haƙuri, tana cewa ita taimako ta yi niyya. Ya girgiza mata kai alamar ba laifinta ba ne. Dakta ya cire tabarau ya goge, sannan ya ja kujera ya zauna a gaban keken, karo na farko da na ga ya dubi maigidana ido cikin ido. Ya tambaye shi yadda yake so a yi ranar taro. Yatsu ya nuna maɓallin, ya juya yatsa baya, baya, har ƙarshe.

A hanyar gida ban ce masa uffan ba, abin da bai taɓa gani ba tun aurenmu. Sai da na zaunar da shi a falo na haɗa masa shayi sannan na sauke masa abin da ke cikina. Na ce na gayyato duniya. Na ce yayarsa mai hawan jini za ta zo, surukanmu za su zo, mai jita zai zo, kuma so yake su ji ana jan kujera a siminti su ce wannan ne Yatsu? Na ce kiɗan nan ai nasa ne, ba sata aka yi ba, guminsa ne na shekara da shekaru, don na'ura ta riƙe masa shi ta miƙo masa mene ne aibu? Mai sanda ma ai da sanda yake tafiya. Na ce ko rabi ne a bari, ko kwata. Na yi magana har shayin ya huce, yana kallon hannunsa a kan cinya yana rawa.

Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce ni nake so. Ba yayarsa ba, ba mai jita ba. Tun da ciwon ya same shi nake yi masa wanka, nake yanka masa farce, nake juya shi a gado, kuma ban taɓa ƙorafi ba. Amma ina kewar mijina ina tare da shi, kuma ba wanda zan iya gaya wa wannan. A ɗakin soson nan kaɗai nake samunsa. Yanzu ya ce a kashe.

Da na gaji na yi shiru, ya ɗago.

"Rediyo," ya ce. "Ki... bar ni... in faɗi."

Ban sani ba ko faɗin magana yake nufi ko faɗuwa, ban kuma tambaya ba, don duk wanda yake nufi ba na so. Na kwashe kofuna na shige kicin.

Ranar taron da la'asar aka yi, a wani zaure na jami'ar mai kujeru jere-jere. An liƙa manyan hotuna a bango, har da na hannunsa cikin safa, ana ganin ɗinkina a wuyan hannun. Kafin shi wata kurma ta taka rawa a kan katakon da ke girgiza da sauti, sannan wani makaho ya yi kiɗa da sandarsa da aka sa wa na'ura. Jama'a sun cika, ɗalibai da malamai a gaba, namu a tsakiya cikin kwalliya. Mai jita ya zo da sabuwar hula, ya rungume shi yana cewa yau za a tuna da. Ni na tura keken har tsakiyar dandamali, na sa masa safar, na koma na zauna a gefe kusa da teburin Injiniya. Na kalli maɓallin. Yana can ƙarshe, a kashe.

Ya ɗaga hannu. Tsuwar ta cika zauren, ta fi ta ɗakin soso ƙarfi ninki ba ninki. Wani yaro ya toshe kunne, uwarsa ta fizge masa hannu. Na ga yayarsa ta waiwayo tana nemana da ido, na kau da kai. Shi kuwa bai kalli kowa ba. Ya bi sauti ɗaya, ya kuɓuce, ya sake bi. Can ya kama shi, wani sauti mai kauri yana karkarwa kamar muryar tsoho, ya riƙe shi. Ya lanƙwasa ɗan yatsa ya ɗora masa wani. Ba daɗi, amma na fara gane akwai inda ya nufa, yana zuwa yana dawowa a kan sautukan nan biyu, yana neman na uku.

Sai hannun ya ƙage. Yakan yi masa haka in ya gaji, yatsun su dunƙule su ƙi buɗewa. Sautin ya yanke, zauren ya yi tsit. Yana ƙoƙarin buɗe su, kafaɗarsa tana rawa, yawu ya fara gangaro masa ta gefen bakin da ba ya ji, a gaban surukai, a gaban mai jita, a gaban kyamara. Wani ya yi tari. Wata ta ce wayyo a hankali.

Na ji idon Injiniya a kaina. Hannunta yana kan maɓallin. Ta ji abin da ya faɗa ranar gwaji, ta yi kuka a kansa, amma sabo turken wawa, ni ta duba. Rawar dunƙulallen hannun nan kaɗai ta isa: in ta murɗa, kiɗan zai zubo, zauren ya tashi, yayarsa ta share hawaye ta koma gida da farin ciki, ni kuma in sake jin sa ko sau ɗaya ne. Gyaɗa kai kawai zan yi. Wuyana ya saba, har na ji yana shirin yi da kansa.

Na miƙa hannu na ɗauke nata daga kan maɓallin, na riƙe shi a cinyata. Hannunta sanyi ƙalau. Na matse shi har na san ta ji zafi, don in ban riƙe wani abu ba tashi zan yi in je in goge masa baki.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ya danna hannun a kan gwiwarsa, ya murza, ya murza, har babban yatsa ya saki, sannan manuni. Da su biyun ya koma. Ya kamo sautin farko, ya kamo na biyu, ya miƙa wa na ukun, ya taɓa shi, ya zame. Ya sake miƙawa bai kai ba. Hannun ya faɗo kan cinyarsa, ya bar shi a nan.

Aka tashi tsaye ana tafi. Na san tafin nan, irin wanda ake yi wa yaro ne in ya manta karatunsa a gaban iyaye. Ɗaliban Dakta su da gaske suke yi, har da masu fito, amma namu suna tafi suna kallon ƙasa. Mai jita bai tsaya an gama ba, na hango hularsa tana fita ta ƙofar baya. Yayarsa ta zo ta dafa shi ta ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, kamar ta zo dubiya, ta dube ni da idon da ke tambayar abin da ya sa na tara su.

Na tura shi muka fito barandar da ba kowa. Na tsaya kusa da taga, na durƙusa na goge masa baki da gefen mayafina, na zare masa safar. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Hannun yana kwance a tafina yana rawa, da zafi kamar na mai zazzaɓi. Ya dube ni yana haɗa kalma, na bar shi ya haɗa.

"Kin... ji?"

"Na ji."

"Daɗi?"

Na so in yi masa ƙarya, amma mutumin da ya gane ƙaryar na'ura ba tawa ce za ta wuce shi ba.

"Babu daɗi, Baban yara," na ce. "Ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai, ya ma fi ni sani. Ya juya hannun da ƙyar ya kama yatsuna.

"Gobe," ya ce. "Na ukun."

Na ce to. Daga cikin zauren ana ta kiran sunan mai kiɗa na gaba. Na naɗe safar na sa a jaka, na zagaya bayan keken inda ba zai ga fuskata ba, na yi wa mijina na da kukan da ban taɓa samun damar yi masa ba, ina tura wannan zuwa bakin titi mu nemi mota.